Yi wa Faifan Birki Fenti: Tambayoyi da Amsoshi

Faifan birki, wanda makanikai ke kira diski, shi ne zagayayyen ƙarfen da kake hangowa ta tsakanin ƙafafun rim. Idan ya yi ja da tsatsa, yakan ɓata kwalliyar mota komai tsadar rim ɗinta. Ana iya fenta shi, kuma aikin ba shi da wuya, amma akwai wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba ko kaɗan, domin abin da ke tsayar da mota ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki.

Me ya sa faifan birki ke saurin tsatsa haka, ko da sabo ne?

Saboda irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Kusan dukkan motocin hawa suna da faifai na ƙarfen zubi, mai ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 3 cikin 100. An zaɓi wannan ƙarfe ne don yana jure zafi, yana shanye ƙara, kuma fad, wato takalmin birkin da ke matse shi, yana kama shi da kyau. Lahaninsa shi ne ba shi da wata kariya daga danshi. Wanke mota da yamma, ka leƙa da safe, za ka ga fuskar faifan ta yi ruwan goro. Iskar bakin teku da gishirin da ake watsawa kan titi a ƙasashen da ake ƙanƙara suna ninka saurin abin.

Tsatsar tana da illa ne, ko muni ne kawai?

Ya danganta da inda take. Wadda ke fitowa a fuskar da fad ke gogawa bayan ruwan sama ba komai ba ce: taka birki sau uku ko huɗu, ta tafi. Wadda ke kan hular faifan, wato tudun tsakiyar nan da kusoshin taya ke ratsawa, yawanci muni ne kawai, sai dai idan ta yi shekaru tana cin ƙarfen.

Mai illar ita ce wadda ba a gani. Tsatsa tana kumbura, tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye. Idan ta taru tsakanin faifai da hob, wato cibiyar da ake ɗora faifai da taya a kanta, sai ta ɗaga gefe guda, faifan ya daina zama daidai. Idan ta taru a ramukan iskar da ke tsakanin fuskokin faifan, sai ta riƙa ɓamɓarowa tana toshe hanyar da iska ke bi ta sanyaya shi. Tana kuma manne faifan da hob har sai an sa guduma kafin ya fita.

To wane ɓangare ake fentawa, wanne ake bari?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci. Wurare uku ake fentawa: bangon hular ta waje, wato sashen da ya gangaro daga saman hula zuwa fuskar gogayya, bakin faifan na kewaye, da cikin ramukan iska gwargwadon inda feshi ya kai. Akwai kuma ɗan siririn zobe tsakanin gindin hula da inda fad ya fara taɓawa, shi ma a haɗa da shi, domin nan ne tsatsa ke fara nuna kanta.

Wuraren da ba a fentawa su ne waɗannan. Na farko, fuskokin gogayya biyu, ta waje da ta ciki, inda fad ke matsewa. Na biyu, bayan hular, wato shimfiɗar da ke zama a kan hob, har da bakin ramin tsakiya. Na uku, saman hular inda rim ke kwanciya idan an ɗaure taya. Na huɗu shi ne wanda ake yawan mantawa da shi: a motoci da dama, cikin hular faifan baya wani ƙaramin ganga ne wanda takalman birkin hannu ke kamawa. Fenti a nan yana nufin ka ja birkin hannu a gangara motar ta ci gaba da silalewa.

A kula da zoben na'urar ABS ma, wato wadda ke hana taya ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi. A wasu motocin, musamman faifan baya na wasu ƙirar Renault da Peugeot, boris, wato abin da taya ke juyawa a kansa, da zoben maganaɗisu suna cikin jikin faifan. Kada fenti ko garin ƙarfe ya hau wannan zobe, kuma irin wannan faifai ba a sa shi a tanda don gasa fenti.

Me ya sa kuke hana fenti a inda faifan ke zama kan hob? Ai nan ne ya fi tsatsa.

Gaskiya nan ne ya fi tsatsa, amma fenti ba shi ne maganinsa ba. Karkatar da ake yarje wa faifai yayin da yake juyawa ba ta wuce milimita 0.05 ba a yawancin motoci, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. Shafi uku na fentin gwangwani kan kai wannan kauri, wani lokaci ya wuce, kuma hannun mutum ba ya fesa shi daidai wa daida a ko'ina. Inda ya ɗan fi kauri sai ya ɗaga faifan, kuma ƙaramar karkata a tsakiya tana ƙaruwa kafin ta kai baki.

Abin da ke biyo baya ba ya nunawa nan take, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da fentin. Faifan da ke layi yana ɗan shafar fad a wuri guda a kowane juyi, ko ba a taka birki ba. Bayan 'yan dubban kilomita, wannan wuri ya bambanta da sauran a kauri. Ɗan bambanci na milimita 0.02 kawai ya isa ka ji fedar birki tana harbin ƙafarka, sitiyari yana karkarwa. Sai a ce faifan ya lanƙwashe, alhali tun ranar da aka ɗaura shi aka shuka matsalar.

Ta ɓangaren rim kuma haɗarin ya fi wannan. Ƙarfin da notocin taya ke matse rim da shi yana bi ta kan wannan shimfiɗa. Idan akwai fenti mai kauri a tsakani, zafi zai tausasa shi, matsi ya murƙushe shi, sai a sami ɗan gibi, notocin su saki da kansu. Garin neman gira kada a rasa ido. Waɗannan fuskoki biyu a goge su har ƙarfe ya yi haske, a bar su haka. Idan ana tsoron mannewa, a shafa ɗan man hana mannewa a wuyan hob inda ramin tsakiya ke shiga, siriri sosai har ana ganin ƙarfen ta cikinsa. Ba a shafa shi a kan kusoshin taya, don yana canza ƙarfin ɗauri.

Idan rim ɗinka bai rufe saman hular gaba ɗaya ba, ɗora shi a kai ka zana iyakar inda yake taɓawa, ka fenta abin da ke waje da zanen.

Na ga wasu suna fesa faifan gaba ɗaya su bar fad ya kankare fentin. Ba daidai ba ne?

Ba mu ba da shawarar haka ba. Fad yakan kankare fentin kam, amma ina fentin ya tafi? Wani ya zama ƙura, wani kuma ya narke ya shige jikin fad ɗin ya yi masa santsi. Sakamakon shi ne birki mai rauni a tafiyar farko, sannan ƙara da kamu marar daidaito da kan daɗe. Masu yin haka suna kafa hujja da faifan masana'anta da ke zuwa a rufe duka da ruwan toka. Wannan rufi daban ne: siriri ne ƙwarai, na garin zinki da alminiyam, an tsara shi ya goge a taka birki na farko ba tare da ya yi danƙo ba. Fentin gwangwani danƙo ne ke riƙe shi.

Abin da ba laifi shi ne fentin ya shiga inda fad ke bi da milimita 1 ko 2. Fad zai share wannan ya bar maka layi mai tsabta, kuma ba za a sami zoben tsatsa tsakanin fenti da wurin gogayya ba.

Wane irin fenti ya dace?

Mai jure zafi, kuma a duba lambar da ke jikin gwangwanin, kada a dogara da hoton da ke kai. A tuƙin yau da kullum fuskar faifai kan kai digiri 100 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas. A doguwar gangara, ko da kaya mai nauyi, tana iya haura 400. Hular ba ta kai fuskar zafi ba, amma bakin faifan da ramukan iska suna shan kusan duk abin da fuskar ta sha.

Fentin kalifa, wato maƙatar da ke riƙe fad tana matse shi a jikin faifai, irin na kamfanin VHT, an rubuta yana jure kimanin digiri 480, kuma shi ne ya fi dacewa da yawancin masu mota, domin bayan zafi yana jure ƙurar birki da sinadaran wanki. Fentin inji yana tsayawa a wajen 260 zuwa 290: zai yi a kan hula, amma a bakin faifai yakan canza launi. Fentin salansa yana jure sama da 700, sai dai ba ya yin ƙarfi sai an gasa shi mataki-mataki. Idan ba a gasa ba, yatsa ma na iya goge shi. Fentin gida ko na ƙofar ƙarfe kuwa a bar shi inda yake, domin tun kafin faifan ya yi zafin kirki zai yi laushi, ya yi wari, ya ƙone.

Game da launi, baƙi marar ƙyalli da ruwan azurfa su ne suka fi daɗewa da kyaunsu. Ja da rawaya da shuɗi sukan dishe ko su koma ruwan ƙasa a kusa da fuskar gogayya, kuma ƙurar birki tana nunawa a kansu tun makon farko. A ganinmu, wanda ke son launi mai ɗaukar ido ya sa shi a kalifa, ya bar faifai da baƙi.

Sai an fara sa firaima, wato shafin ƙasa da ake yi kafin fenti?

Bi abin da gwangwanin ya ce. Da yawa daga fentin kalifa ana fesa su kai tsaye a kan ƙarfe. Idan za a sa firaima, dole ta kasance mai jure zafi daidai da fentin da zai hau kanta, kuma ya fi kyau su fito daga kamfani ɗaya. Firaimar jikin mota a ƙarƙashin fenti mai jure 480 aikin banza ne: ita za ta fara ƙonewa, ta tashi da abin da ke kanta. Haka ma ruwan nan da ake shafa wa tsatsa ya mai da ita baƙa. Yawancinsu suna barin wani ɓawon roba da ba ya jure zafi.

Me da me zan tanada?

Gwangwanin feshi ɗaya mai mililita 400 yana isar hula da bakin faifai huɗu, shafi uku. Idan za ka shiga ramukan iska sosai, sayi biyu. Sai gwangwani biyu na feshin wanke birki, burushin waya na hannu da wanda ake ɗaura wa injin huda, sanfefa mai lamba 80 ko 120 don cire tsatsa da mai lamba 180 zuwa 240 don gamawa, tef ɗin rufe fenti, wuƙa mai kaifi, kwali, tsummoki marasa zubar da zare, safar hannu ta roba, tabarau, da takunkumi mai tace tururin fenti. Don cirewa da mayarwa kana bukatar jak, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, waya ko ƙugiya ta rataye kalifa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Dole sai an cire faifan daga mota?

Ba dole ba ne, amma aikin da aka yi a jikin mota rabin aiki ne. Ba za ka kai ga bayan faifan ba, ba za ka goge hob ba, kuma feshi yana bin iska ya sauka a kan fad, da robar fistan ɗin da ke tura fad, da jikin mota. Idan ba yadda za a yi, cire taya, rufe kalifa da duk abin da ke kewaye da leda, ka yi amfani da fentin shafawa da burushi maimakon feshi, kana juya faifan da hannu kaɗan-kaɗan.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ranar da aka sayi sabon faifai, tun bai hau mota ba.

Yaya ake shirya faifan kafin fenti?

A nan ne aikin yake. Feshin kansa minti talatin ne. Tokare motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka dogara da jak kaɗai. Kwance kalifa ka rataye ta da waya, kada nauyinta ya sauka kan tiyon man birki. Kwance mariƙinta, sannan ɗan sukurun da ke riƙe faifan idan akwai. Kafin ka zare faifan, yi alama a kan kusa ɗaya da ramin da take ciki, don ya koma yadda yake zaune, kuma rubuta hagu ko dama. Wasu faya-fayan ramukan iskarsu a karkace suke, kowane da ɓangarensa.

Kafin ka ɓata fentinka, auna kaurin faifan. A bakinsa ko a jikin hula akwai rubutun MIN TH da lamba a milimita, wato ƙarshen kaurin da aka yarda a yi amfani da shi. Idan ya kai nan, ko yana da tsaga, ko zurfafan layuka, ko tsatsa ta fara cinye ginshiƙan da ke cikin ramukan iska, wannan faifai na canji ne. Idan lafiyarsa lau, lura da inda rubutun yake don kada ka binne shi da fenti. Makanike na gaba zai neme shi.

Kada ka hure ƙurar birki da iskar kwamfiresa. Tana da illa ga huhu, kuma tsofaffin fad na iya ƙunsar asbestos. Jiƙa ta da feshin wanke birki ka share. Daga nan ka bi duk inda za a fenta da burushin waya har ɓawon tsatsa ya ƙare, ka bi da sanfefa mai kaushi, ka gama da mai laushi. Abin da kake nema shi ne ƙarfe mai ruwan toka, mai ɗan kaushi idan ka shafa. Idan ka goga farin tsumma ka ga ja a jikinsa, da sauran aiki. Ramukan iska a shige su da siririn burushi irin na wanke bututu.

Sabon faifai ba shi da tsatsa amma yana zuwa da wani mai da aka shafa masa don ajiya, kuma ƙarfen zubi yana riƙe mai a ƙananan ramukan jikinsa. Wanke shi sau biyu da feshin wanke birki, ka ɗan goga sanfefa don fenti ya sami abin kamawa, ka sake wankewa. Kada ka yi amfani da fetur ko kananzir ko dizal, suna barin maiƙo. Bayan wankin ƙarshe kada ka sake taɓa wurin da hannu tsirara, kuma ka fesa cikin awa ɗaya ko biyu, domin ƙarfen da aka goge yana fara tsatsa nan da nan.

Wani gargaɗi da bai kamata a tsallake ba: wasu feshin wanke birki suna ɗauke da sinadarin kulorin, kuma idan suka haɗu da harshen wuta ko walda suna fitar da iskar guba mai suna fosjin. Kada a busar da faifai da wuta bayan an fesa su.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta rufe fuskar gogayya?

Manna tef a kan fuskar duka, gunduwa-gunduwa, kowace tana hawa kan 'yar'uwarta, ka bar shi ya zarce baki. Sannan ka bi bakin faifan da wuƙa ka yanke rarar. Ta ciki, a tsohon faifai iyakar inda fad ke bi a bayyane take, wuri ne mai haske da ke da ɗan tudu a gefensa. Bi wannan layi. A sabon faifai, ɗora fad a inda zai zauna ka zana iyakarsa. Danne bakin tef ɗin da farce sosai, domin ta nan fenti ke kutsawa. Saman hula kuma a yanka kwali zagayayye daidai faɗin wurin zaman rim a manna shi, a toshe ramukan kusoshi da na sukuru.

Shafi nawa, kuma yaya ake fesawa?

Uku. Girgiza gwangwanin minti biyu cif bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki. Gwada a kan kwali tukuna. Riƙe shi santimita 20 zuwa 30 daga ƙarfen, fara feshin kafin hannunka ya iso faifan, ka saki bayan ya wuce. Shafi na farko ya zama yayyafi kawai, har ana ganin ƙarfe ta cikinsa. Aikinsa shi ne ya ba na biyu wurin kamawa. Jira minti 10, yi na biyu siriri, jira minti 10, sannan na uku ya ɗan fi jiƙa don ya kwanta sumul. Ramukan iska a fara da su, da gajerun feshi daga baki, kada fenti ya taru a ciki ya yi kududdufi.

Yi aikin a inuwa, inda iska ke ratsawa amma ba ta ɗauke da ƙura, a yanayin digiri 15 zuwa 30. Ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti kafin ya kwanta, sai ya fito da kaushi kamar yashi. Ranar da iska ke da danshi sosai kuma fentin yakan yi hazo-hazo. Cire tef bayan minti 30 zuwa awa ɗaya, lokacin da fentin ya kama amma bai ƙanƙame ba, kana jan sa a karkace, nesa da fentin.

Zuwa yaushe zai bushe? Sai an gasa shi?

Bushewa daban, nuna daban. Cikin awa ɗaya ana iya taɓa shi, amma a bar shi ya kwana kafin a ɗaura. Fenti mai jure zafi ba ya kai ƙarfinsa sai ya sha zafi. Fentin kalifa na VHT ana gasa shi a digiri 93 na awa ɗaya, ko a bar zafin birki ya yi wannan aiki a hankali. Na salansa kuwa hawa uku ne: kimanin 120, sannan 205, sannan 315, kowanne minti 30, ana barin sa ya huce minti 30 a tsakani. Kowane kamfani da nasa lissafin, don haka abin da ke jikin gwangwaninka shi ne abin bi. Kada a gasa a tandar da ake girki da ita.

Wanda ba zai gasa ba, ya yi tuƙi a hankali na 'yan kwanaki, kada ya wanke tayoyin da sinadari mai ƙarfi sai bayan mako guda.

Me zan kula da shi wajen mayarwa?

Goge fuskar hob da burushin waya har ta yi haske, musamman gindin kusoshi inda tsatsa ke ɓuya. Wanke fuskokin gogayya biyu da feshin wanke birki a kan tsumma, don cire danƙon tef; fesa wa tsumman, kada ka fesa wa faifan, saboda feshin yana cin sabon fenti. Mayar da faifan bisa alamar da ka yi. Ɗaure mariƙin kalifa da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Notocin taya a ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, a hawa biyu ko uku. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 100 da 140 a ma'aunin Nm na ƙarfin ɗauri, amma lambar da ke littafin motarka ita ce hujja.

Kafin motar ta motsa, taka birki sau da yawa har fedar ta yi tauri. Idan an tura fistan baya wajen cire kalifa, takun farko yakan tafi ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Sannan a hanyar da ba cunkoso, rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 a awa sau takwas ko goma, da matsakaicin ƙarfi, ba tare da ka tsaya cik ba, ka ci gaba da tafiya 'yan mintoci ya huce. Ɗan wari a wannan lokaci ba abin damuwa ba ne. Bayan kilomita 50 zuwa 100, sake duba ɗaurin notocin.

Fentina ya lalace. Me ya jawo?

Yanayin lalacewar yana faɗin dalilinta. Idan yana saluɓewa falle-falle, ƙarfen da ke ƙasa kuma fes yake, to mai ne ba a wanke ba, ko ba a goga sanfefa ba. Idan ƙuraje ne suka fito, ka fasa ka ga ja a ciki, tsatsa aka rufe da ranta, ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Ƙananan ramuka masu kama da idon kifi tun lokacin feshi alamar maiƙo ne ko man ƙyallin taya. Dalala kuma daga kusantowa da yawa ne ko tsayawa wuri guda.

Yamutsewa ita ce ta fi ba mutane mamaki. Tana faruwa idan aka ƙara shafi bayan na ƙasa ya fara nuna amma bai gama ba, misali washegari. Ruwan sabon fentin sai ya jiƙa na ƙasa ya tattare shi. Dokar ita ce a gama duk shafin cikin awa ɗaya, in ba haka ba a jira tsawon da kamfanin ya ce, wanda kan kai kwana biyu zuwa bakwai. Idan fenti ya narke a tsaye kamar an ɗiga masa wani abu, duba kalifa da tiyo: man birki na DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti, kuma wannan yoyo ya fi fentin bukatar kulawa cikin gaggawa.

Gyaran duka ɗaya ne: a kankare har ƙarfe a sake. Ƙara shafi a kan wanda ya tashi ba ya zama.

Fenti ya taɓa fad ko fuskar gogayya. Yaya zan yi?

A fuskar faifai, goge shi da tina ko asiton, wato ruwan narkar da fenti, a tsumma, ka bi da sanfefa mai lamba 120 a zagaye, ka wanke. A kan fad, idan yayyafi ne busasshe, shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafe, ka goga fad ɗin a kai har launinsa ya dawo. Idan ya jiƙa, ko an riga an yi tuƙi da shi ya narke a ciki, canza fad na ɓangarorin biyu tare.

Fenti ba ya hana faifan hucewa?

Siririn shafi ba ya kawo bambancin da direba zai ji. Yawancin zafin yana fita ne ta iskar da ke ratsa ramukan tsakiya da wadda ke shafar fuskokin gogayya, waɗanda ba a fenta ba. Ɓawon tsatsa mai kauri a cikin ramukan ya fi fenti hana zafi fita. Motar tsere kuwa maganarta daban ce, domin faifanta yana kaiwa zafin da fenti zai ƙone ko da wane iri ne.

Faifai mai huji ko mai tsaga fa? Da mai hular alminiyam?

Mai huji da mai tsaga suna tsatsa a cikin hujin, inda fad ba ya kaiwa. Rufe fuskar da tef, huda tef ɗin a kan kowane rami, ka ɗan fesa, ko ka shafa da siririn burushi ka share abin da ya hau fuska nan take. Kada fenti ya rage faɗin hujin. Faifai mai gida biyu, wanda hularsa ta alminiyam ce, hular ba ta yin jar tsatsa, kuma ƙananan maɓallan da suka haɗa ta da zoben an yi su ne su ɗan motsa idan ƙarfe ya buɗe da zafi. Fenti zai daskarar da su. Faifan kabon da yumɓu na manyan motocin gudu ba ya tsatsa, ba a fenta shi, ba a goga masa sanfefa.

Ba gara na sayi wanda aka riga aka rufe daga masana'anta ba?

Idan dama lokacin canji ya yi, gara hakan. Rufi irin su Geomet, na garin zinki da alminiyam, ko baƙin rufin da ake yi da lantarki, yana shiga ramukan iska fiye da yadda gwangwani zai iya, kaurinsa daidai yake a ko'ina, kuma zinki yana ci gaba da kare ƙarfe ko da an ɗan karce shi. Irin wannan faifai ba a goge masa rufin da sanfefa, kuma yawanci ba ya zuwa da man ajiya. Fentin hannu ya fi amfani ga wanda faifansa ke da sauran kauri, ko wanda ba a samun mai rufi na motarsa.

Zai kai shekara nawa, kuma yaya ake kula da shi?

Idan an goge ƙarfen da kyau kuma fentin ya nuna, hular kan riƙe kyaunta shekara biyu ko fiye, sau da yawa har faifan ya ƙare. Bakin faifai da ramukan iska su ne ke fara sarewa, don sun fi shan zafi da tsakuwa. Inda ake watsa gishiri a titi, hunturu ɗaya na iya nunawa a kansu. Wanke shi da sabulun mota da ruwa bayan ya huce, kada a watsa wa faifai mai zafi ruwan sanyi. Guji sinadaran wanke rim masu asid, kuma kada a kusanto da bakin injin wanki mai matsi zuwa gefen fentin. Duk lokacin da aka cire taya, duba inda tsakuwa ta fasa, ka goge wurin da sanfefa, ka wanke, ka ɗiga fenti da ɗan burushi tun tsatsa ba ta shiga ƙarƙashi ba.